YARANMU DA JARRABAWAR LISSAFI

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da malaman zaure, a kan wani al'amari wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, watau yadda yaran ƙasarmu ta Maƙarfi da Kudan da Ikara su ke ƙarewa da jarrabawar lissafi. Ni ba malamin makaranta ba ne, akawu ne. Amma tun da na fita makarantar mishan inda aka koya mini ɗan abin da na sani, da lissafi na ke ci, da shi na ke sha, saboda haka ina ganin ba zan zama na yi shisshigi ba in na sa baki.

Kowa ya sani yau yaro ba ya shiga jami'a ya koyi aikin asibiti, ko aikin gona, ko aikin injiniya, sai ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko ta NECO, a ciki har da Turanci da lissafi. Ga makarantar koyon aikin lafiya nan a Maƙarfi, kusa da mu, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. Amma sau nawa mu ke ganin yaro ko yarinya sun ci ko wane fanni, lissafi kaɗai ya tare musu ƙofa? Uban ya sayar da buhun masara ya sake biyan kuɗin jarrabawa, a sake faɗuwa, ya sake sayarwa. A shekara ta uku sai ka ji an ɗaura wa yarinyar aure, yaron kuwa ya karɓi babur yana acaba. Daga nan sai mutanen gari su yanke hukunci, su ce ai yaran ƙauye ba su da kan lissafi. To, wannan hukunci shi ne na zo in yi gardama da shi.

Duk mai wannan zato ina roƙonsa ya je kasuwar Maƙarfi ran da ta ke ci, ya tsaya wajen 'yan rake ko wajen masu mazarƙwaila, ya kasa kunne. Zai ga yaro ɗan shekara goma sha biyu an bar masa tulin rake, yana ciniki da mutum uku a lokaci guda, yana ba ko wanne canjinsa, ba alƙalami ba takarda, kuma ko kwabo ba ya ɓata. A ce yarinya tana tallar gyaɗa, ƙulli naira 150, ka ɗauki ƙulli 7 ka miƙa mata naira 2,000. Kafin ka rufe jakarka ta ce ɗari bakwai da ɗari uku da hamsin, dubu da hamsin ke nan, ga 950 ɗinka. Dubi abin da ta yi: ta raba 150 gida biyu, ta ninka ko wane gida, ta tara, sa'an nan ta ɗebe. Ayyuka huɗu a numfashi ɗaya.

Amma kira wannan yarinya cikin aji, ka rubuta mata 150 a allo, ka sa 7 a ƙarƙashi, ka ja layi. Ba mamaki ka ga ta rubuta 7350, domin ta ce bakwai sau sifiri sifiri, bakwai sau biyar talatin da biyar ta zuba shi duka, bakwai sau ɗaya bakwai. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ba za ta ga wani aibu ga amsar ba. A kasuwa da wani zai ce mata ƙulli bakwai naira dubu bakwai ne da 'yan kai, dariya za ta yi masa. A aji kuwa ta riga ta sakankance lissafin allo wani abu ne dabam, na Turawa, wanda ba ruwansa da hankalin da Allah ya ba ta.

Kada a ce wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A shekarar 1985 waɗansu masana suka buga labarin binciken da suka yi a birnin Resife na ƙasar Birazil, inda suka yi ta sayen kaya a hannun yara 'yan talla suna lura da lissafinsu. A bakin ciniki yaran suka ci kusan dukan tambayoyin. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda, ba su ci ko rabi ba. A shekarar 2025 kuma aka buga wani irinsa daga kasuwannin Kalkata da Delhi na ƙasar Indiya, a cikin masu binciken har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019. Su har sun ƙara gano ɗaya gefen: yaran makaranta waɗanda ba su taɓa ciniki ba sun iya na takarda, amma da aka sa su lissafin kasuwa sai suka kakare. Watau an sami lissafi iri biyu suna zaune gari ɗaya ba sa gaisawa.

Ga malamanmu na zaure kuwa, Allah ya gafarta muku, ku ne shaiduna na biyu. Mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da ɗa, da 'ya. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi. Malam zai ce asalin mas'ala 24 ne, mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17. Sha bakwai ba ta rabuwa uku, sai ya buga 24 sau 3 ya sami 72, mata 9, uwa 12, ɗa 34, 'ya 17. Wannan aiki da malam ya yi yana zaune bisa buzu, shi ne ainihin abin da ke kayar da 'yan sakandare in an ce su tara ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida. Haka zakka: ushuri a kan amfanin damina, rabin ushuri a kan abin da aka yi wa ban ruwa da wahala, ɗaya cikin arba'in a kan kuɗi, wanda 'yan boko ke kira biyu da rabi cikin ɗari. Ba kuwa jiya aka fara ba. Shehu Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan ƙa'idodin tsara hatimi a shekarar 1732, irin wanda ko ta ina ka tara lambobin gidajensa jimla ɗaya za ka samu, ya kuwa rasu a Alƙahira a 1741. Har yau masu tarihin lissafi na ƙasashen Turai suna ambatonsa. Kakanninmu kuma sun ƙirga wuri har keso, watau 20,000, daga baya suka riƙe lissafin fam da sule da kwabo, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, har ran 1 ga Janairu 1973 da aka kawo naira mai kwabo 100, wadda ta fi sauƙi nesa. Jikokin waɗannan mutane ne za a ce ba su da kan lissafi?

To, in kai ba shi da laifi, ina laifin ya ke? Gwamnatin Jihar Kaduna ta nemi amsar wannan tambaya wajen malamai. A shekarar 2017, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, aka yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce sai wanda ya sami 75 cikin 100 ya haye. Aka ba da sanarwa 21,780 ba su haye ba, aka sallame su, aka ce za a ɗauki 25,000 sababbi. Ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki a Janairu 2018, bayan 'yan kwanaki ta janye. A Disamba 2021 aka sake wata jarrabawar, a Yuni 2022 aka sake sallamar 2,357, mafi yawansu don sun ƙi zama jarrabawar ne. Ba gari a ƙasarmu wanda wannan guguwa ba ta taɓa wani gida a cikinsa ba, har yanzu kuma in ka tayar da zancen a majalisa sai an rabu biyu.

Ni ra'ayina, wanda bai iya lissafin ɗan aji huɗu ba bai kamata a ba shi alli ba, ko da ɗan'uwana ne ciki ɗaya. Wannan ba shi da wuyar faɗi. Amma ina so a lura da abu guda. Mu akawuna mun sani in an canja ma'aji don kuɗi suna ɓata, ba a cewa aiki ya ƙare sai an sake buɗe littafi bayan wata shida an ga ko ɓatan ta tsaya. An auna malamai sau biyu, jaridu sun buga adadinsu har na ɗaiɗai. To, ma'aunin gaskiya na wannan babban aiki ba takardar malami ba ce, kan yaro ne. Uban yara a Ɗandamisa ba abin da 21,780 za ta gaya masa. Abin da ya ke so ya ji shi ne, a makarantar garinsa, cikin 'yan aji huɗu, nawa ne su ke iya ɗebe 38 daga 72 bara, nawa ne kuma bana.

Sakamakon manyan jarrabawa ba ya biya masa wannan bukata. Na ɗaya, yana zuwa a makare, bayan yaro ya yi shekara goma sha biyu a makaranta, sa'ad da icce ya riga ya bushe ba ya tanƙwaruwa. Na biyu, adadi ne na ƙasa baki ɗaya, an zuba Ikko da Ɗandamisa cikin ƙwarya guda an dama. Shi kansa adadin ma ba dutse ba ne. A Agusta 2025 hukumar WAEC ta ce kashi 38 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ƙasa ta ɗauki salati. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce ta gano kuskure wajen makin wata takardar Turanci, adadin ya koma kusan 63 cikin 100. Na yaba musu da suka fito suka faɗa, amma wanda ya gina hukuncinsa a kan adadin farko ina ya kwana?

Akwai kuma wani abu wanda kowa ya sani, ba mai son faɗi. Kiredit ɗin ma ba duka ne na halal ba. A wurin da na ke aiki an taɓa neman yaron da zai taimaka da rubuta shiga da fitar buhuna. Samari suka zo da takardunsu, waɗansu da kiredit mai kyau a lissafi. Maigidan ya ce in gwada su. Ban tambaye su wani abu mai zurfi ba, cewa na yi buhu 46 a kan naira 32,500 nawa ke nan, in kuma an biya rabi saura nawa. Wanda ya fi kowa kyawun takarda ya laluba aljihu zai fito da waya, da na ce a ajiye waya sai ya yi ta kallon rufin ɗaki. Wanda aka ɗauka a ƙarshe takardarsa ba ta kai tasu ba, amma ya taso a gaban mahaifinsa a rumfar hatsi. Iyayen da ke kai 'ya'yansu makarantun nan da a ke rubuta wa yara amsa a allo ran jarrabawa, su sani takarda suka saya, takarda kuwa ba ta ƙirga buhu.

Yanzu bari in koma inda na ke ganin ɓarakar ta ke farawa, watau aji ɗaya zuwa aji uku. Lissafi ba kamar tarihi ba ne, da za ka rasa labarin Sarauniya Amina ka kama na Shehu Usmanu. Kamar ginin katanga ya ke, in sahun ƙasa bai zauna ba duk abin da ka ɗora sai ya rushe. Yaronmu kuwa ran kasuwa ba ya aji, lokacin shuka ba ya aji, lokacin saran rake da dahuwar mazarƙwaila ba ya aji, kwandunan tumatir na jiran mota ba ya aji. Ran da aka koyar da aro a ɗebewa yana fadama. Ya dawo an wuce, malam yana bin manhaja don mai duba makarantu zai tambaye shi inda ya kai, ba zai tambaye shi yara nawa suka biyo shi ba. Ƙarshen shekara a ciyar da kowa gaba. Haka yaro zai kai aji shida da ramin aji biyu a ƙarƙashinsa. Da aka fara ciyar da 'yan firamare a jihar nan a Janairu 2016, yara suka cika azuzuwa maƙil, abin farin ciki, amma malami ɗaya a gaban yara ɗari ba shi da halin ya san wane ne ya gane, wane ne ke gyaɗa kai kawai.

Sa'an nan ga maganar harshe. Ƙirgan Hausa a fili ya ke: goma sha uku, watau goma da uku, yaro yana ji ya san gidan goma da gidan ɗaya. A Turanci kuwa sunan sha uku da sunan talatin kusan sautinsu ɗaya a kunnen yaron da bai saba ba, haka sha huɗu da arba'in, har zuwa sha tara da casa'in. Tambayar jarrabawa kuma takan zo cikin dogon zance na Turanci, yaro ya faɗi tun bai kai ga lambobin ba, a rubuta ya faɗi lissafi, alhali Turanci ya faɗi sau biyu. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara dukan firamare da Yarabanci, Turanci yana fanni guda, yaran kuwa ba su kasa takwarorinsu ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamba 2025 ta soke wannan ta ce a koma Turanci. Ba ni da ƙarfin ja da Minista, kuma ni kaina da Turanci na sami aikin da na ke ci. Amma ko wane harshe aka rubuta a littafi, ban ga dokar da ta hana malami ya ce wa ɗan aji biyu, "Kana da naira 72, ka sayi rake na 38, nawa za a ba ka?" kafin ya juya ga allo ba.

Abin da na ke roƙo ba ya bukatar kwangila. Ina roƙon Sakatarorin Ilmi na Maƙarfi da Kudan da Ikara su sa a riƙa gwada ko wane yaro na aji biyu zuwa aji huɗu sau biyu a shekara, farkonta da ƙarshenta, shi kaɗai, baki da baki, da Hausa. A nuna masa lamba ya faɗi sunanta. In ya iya, a ba shi ɗebewa mai aro. In ya iya, a ba shi rabawa. A ko wane mataki a tambaye shi sau biyu, sau ɗaya da kuɗi a baki, sau ɗaya a rubuce, domin a san ko lissafin ne babu, ko rubutunsa ne babu, gama maganinsu ba ɗaya ba ne. Minti biyar ya isa yaro guda. Ba ni na ƙago wannan ba. Wata ƙungiya ta ƙasar Indiya mai suna Pratham ta daɗe tana yin irinsa, sa'an nan ta kasa yara bisa ga abin da suka iya, ba bisa ga ajinsu ba, a ba su sa'a guda ko biyu kullum har ramin ya cike. An gwada wannan hanya a Borno, an kuma gwada ta a Wudil da Dawakin Tofa ta Jihar Kano daga 2019. Daga nan zuwa can ba nisa, a tura malamai biyu su gano.

Amma gwajin ba shi da amfani in za a kulle sakamakon a cikin akwatin ofis. A kai shi ƙofar dagaci, a tara iyaye da 'yan kwamitin makaranta da limamin gari, hedimasta ya tashi ya ce, yaranmu na aji uku kaza ne, farkon shekara kaza suka iya ɗebewa, yau kaza. Kada a kira sunan yaro a kunyata shi, kada kuma a mai da abin sandar dukan malami, domin ran da aka ce za a kori wanda adadinsa ya yi ƙasa, ran nan adadin zai fara ƙarya. Na san wannan a aikina: littafin da a ke tsoro shi ne a ke yi wa kwaskwarima. In uba ya ji da kunnensa cewa 'yan ajin da ke zuwa kullum sun wuce, nasa da ke fadama yana nan inda ya ke, ba sai an yi masa wa'azi ba. Shi ma ɗan kasuwa ne, ya san riba ya san faɗuwa.

Ku kuma 'yan'uwana akawuna, da ma'aikatan da suka yi ritaya suna zaune a gari, da ɗaliban da ke hutu, wannan gwaji aikinmu ne in an ba mu izini, domin wanda ba shi ya koyar ba ya fi saukin faɗin gaskiyar abin da ya gani. Ni dai na ɗauki alkawarin safiyar Asabar biyu a ko wane zango, kuma zan zo da takarda da jan layi na kaina. In akwai malamin makaranta a Kudan ko Ikara wanda ya riga ya gwada irin wannan a ajinsa, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita adadin da ya samu farko da ƙarshe, mu gani.

Haza wassalam.

Naka,
Wani Akawu,
Ɗandamisa, Maƙarfi.